Wasiƙun yaƙin Bama da rashin kalmar so

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Kin ce an karanta miki wasiƙun da kakanki ya aiko wa kakarki daga yaƙin Bama, ba ki ji kalmar so ko ɗaya ba, daga gaisuwa sai lissafin kuɗi, har kina tambaya ko auren dole aka yi musu. Kada ki yi wa tsohon nan wannan zato.

Mu ma muna da guda bakwai da ajami, naɗe a tsumman atamfa cikin adakar Hajiya, kakarmu. Mijinta yana runduna ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, waɗanda suka shiga Arakan, wani yanki a yammacin Bama, a ƙarshen 1944, suka haɗu da runduna ta 81 aka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Bai iya rubutu ba. Wani Bazazzagi da ya yi makarantar allo shi yake rubuta masa. Ga dokar soja kuma, ba a faɗin inda ake, shi ya sa sai dai ki ji "muna daji, ruwa ba ya ɗaukewa".

In takarda ta iso, liman ne ke karantawa a zaure, gaban mahaifin kakanmu da ƙannensa, ita tana laɓe a bayan zana. To a ina namiji zai ce yana begen matarsa? Ko sunanta bai taɓa kamawa ba, sai dai "a gai da mai ɗakina", can bayan ya gama gai da dagaci da maƙwabta.

Ki koma ki duba abin da kakanki yake yawan maimaitawa. Namu, a wasiƙu huɗu yana tambayar ko haƙorin mai ɗakinsa ya daina ciwo. A ɗaya ya ce kuɗin da ake yanka daga albashinsa a damƙa mata a hannu, kada ya bi ta wurin wansa, kuma a yanko mata zane kafin sallah. Hajiya ta ce ranar nan surukarta ko kallonta ba ta yi ba, ita kuwa dariya ta hana ta tuƙa tuwo. Sai 1946 ya dawo, ya tarar an cire haƙorin.

Kada ki yarda a liƙe wasiƙun da leda mai zafi, tawadar za ta lalace. Ki ɗauki hotonsu da waya, ki sa takarda fara tsakaninsu, sannan ki nemi dattijon da ya saba da ajamin da, don yaran yanzu suna tsallake kalmomi.