Kukan da nake yi rashin bangaskiya ne?

Tambaya: Mama, maigidana ya rasu bara, har yanzu in aka fara waƙa a coci sai hawaye, wasu na cewa wai bangaskiyata ce ta yi rauni. Gaskiya ne? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

Amsa: Wayyo 'yata sannu, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Masu faɗin haka ba su kyauta ba sam, ai Yesu da kansa ya yi kuka da Li'azaru ya mutu, duba Yohanna 11:35, alhali ya san zai tashe shi. In kewa ta taso cikin dare ki buɗe Zabura 34:18, kuma don Allah kar ki kulle kanki a ɗaki, ki koma zumuntar mata ko ba za ki iya waƙa ba ki zauna cikinsu kawai.