Amsa ga 'yar'uwar da ƙaninta ya faɗa cacar ƙwallo ta waya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce ƙaninki, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ɗebi riɗi buhu biyu daga ɗakin ajiya ba da sanin Baba ba, ya sayar, ya zuba kuɗin a bet, yanzu kuma ana binsa bashi. Kin ce yana ta rantsuwa wai wasa ɗaya tak ne ya yanke masa tikiti, in kika ranta masa dubu hamsin zai dawo da komai kafin asiri ya tonu. Kina tambaya ko ki ba shi, ko ki faɗa wa Baba, ko ki ƙwace wayar.

Kada ki ba shi kuɗin nan, ko da rabinsu ne. Ina da shagon cajin waya da POS a wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu, kafin nan kuma na riƙe gidan kallon ƙwallo. Yaran da ke wannan harkar ta hannuna suke saka kuɗi a asusu, don haka abin da zan faɗa miki a gabana yake faruwa.

A da, ɗan caca sananne ne a gari. Karta ce ake bugawa a bayan kasuwa, wanda aka gani a wurin kuma ya san ko aure ya je nema sai an tayar da maganar. Da kamfanonin bet suka fito, irin su NairaBet a 2009 da Bet9ja a 2013, abin ya fi zama na birni, sai yaro ya hau mota ya je shago. Abin da ya shigo mana da shi har cikin ɗaki shi ne waya mai araha da kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira. A waɗancan watanni kowa ya buɗe asusu a waya, har dattijon da bai taɓa taka banki ba, domin in ba transfa ko gishiri ba ka iya saye. Asusun ya amfane mu ƙwarai, ni kaina da shi nake ci. Amma shi ne ya sa kuɗin riɗi ke iya tashi daga kasuwar Gujungu ran Lahadi da la'asar su shiga kamfanin caca kafin magariba, ba wanda ya ga an ƙirga ko sisi. Sai kuma aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, komai ya yi tsada, saurayi ya ga kuɗin lefe da na babur sun yi masa nisa. Ga rani, an gama girbi, ba aikin yi sai zaman dandali.

Yanzu maganar wasa ɗaya da ya yanke. Wannan ita ce igiyar da ta ɗaure shi, kuma ina so ki fahimce ta sosai don ki iya yi masa bayani ba da faɗa ba. Yaranmu ba sa buga wasa ɗaya. Sukan haɗa goma ko fiye a tikiti guda, su sa naira ɗari biyu, waya ta nuna musu dubban da za su ci in duk sun shiga. To a ce yaron gwani ne na gaske, a kowane wasa goma yana cankar bakwai daidai, abin da ba kowa ke iyawa ba. In ya haɗa wasa goma, a cikin tikiti 100 kusan 3 ne kawai za su shiga gaba ɗaya. Waɗanda tara za su shiga ɗaya ya yanke kuwa sun kai 12. Kin ga ke nan yankewar wasa ɗaya ta ninka ci sau huɗu. Shi yana ganin ya kusa, saura ƙiris, alhali abin da lissafi ya ce zai riƙa faruwa ne ya faru. Duk yaron da ya zo shagona da tikiti yana nuna min jan layi guda a cikin kore, wallahi ya gaskata cewa gobe tasa ce.

Kamfanin kuma ya riga ya cire nasa tun kafin a take leda. Abin da ake kira odd, wato ninkin da za a biya ka, kullum ƙasa yake da abin da ya kamata. Inda abu yake rabi da rabi, adalci shi ne a ninka maka biyu cif, su kuwa sai su sa kamar 1.90. A wasa ɗaya naira 5 ce cikin 100 ta tafi, ba ka ji ba. In ka jera goma a haka, cirewar ma ninkuwa take yi, har abin da ke komawa hannun masu bugawa ya sauka kusan naira 60 cikin 100. Shi ya sa tikiti mai tsawo ake ba garaɓasa, shi ake tallatawa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya taɓa ci. Akwai wani yaro a nan, ɗan mutunci, mai taimakon uwarsa, ya sa 'yan ɗaruruwa ya ci sama da dubu ɗari biyu. Ranar gari ya ɗauka, ya saya wa uwar atamfa, ya raba wa abokai. Ba wanda ya tambayi nawa ya zuba kafin ranar. Kafin damina ta faɗi babur ɗin da yake acaɓa da shi ya tafi, kuma labarin cin nasa ya jawo yara da dama da ba su taɓa bugawa ba. Asara a ɓoye ake yin ta, ci kuwa da shela.

Ki binciki wane iri yake bugawa, domin akwai bambanci. Mai jiran wasan Firimiya ko Laliga na Asabar da Lahadi yana da kwanaki a tsakani da hankalinsa zai dawo. Wanda ya koma ƙwallon kwamfuta, wadda ake gamawa cikin 'yan mintuna a sake wata, ko wasan jirgin nan da ke tashi kuɗi na hawa sai ya ɓace, shi ba dare ba rana. A nan babu ma zancen sanin ƙwallo, inji ne ke fitar da sakamako. Irin waɗannan su ne ke ƙwanƙwasa min ƙofa bayan na rufe, a saka musu dubu ɗaya, ba a jima ba su dawo da ɗari biyar, idonsu ja. Na daina saka wa duk wanda na gane halin da yake ciki, ko da zai je wani shagon.

Abin da ƙaninki ke yi yanzu, bin asara don a fanshe ta, shi ne babbar alamar cewa ya wuce wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin cututtuka, a rukuni ɗaya da jarabar ƙwaya da giya, a kundinta da ya fara aiki a 2022. Ta ƙiyasta cewa kusan kashi 1.2 cikin 100 na manya a duniya suna fama da ita, kuma duk mutum ɗaya da ya nutse, wajen mutum shida na kusa da shi abin ke taɓawa. Ke da Baba da Inna kuna cikin shidan nan. Ban kawo wannan don a wanke shi daga laifin ɗaukar riɗi ba. Na kawo ne don ki san cewa rantsuwa da kuka ba sa isa, ko da da gaske yake lokacin da yake yin su.

Ta fuskar addini, ba ya buƙatar a gaya masa caca haramun ce, ya sani tun yana makarantar allo. Dabarar da yaran suka ɓullo da ita ita ce su ce wannan ba caca ba ce, ilimin ƙwallo ne da nazari. Malamin da zai yi masa magana ya tsaya a kan aya ta 91 ta Suratul Ma'ida, inda aka ambaci ƙiyayya da gaba da shagala daga salla, ya tambaye shi cikin ukun nan wanne ne bai same shi ba. Wasu a nan za su ce a kai wa Hisba. Hisbar Kano ta rufe shagunan bet a Oktoban 2024, kuma a ranar 22 ga Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da iko da nata. Na ji daɗin hakan. Sai dai shagon da ƙaninki ke shiga yana cikin aljihunsa, ba ƙofar da za a garƙame.

Baba kam dole ya sani, riɗinsa ne, kuma gara ya ji daga bakinku da ya ji daga mai bin bashi a ƙofar gida. Amma ki zaɓi wanda zai kai maganar. In akwai kawu ko baffa da Baba ke jin nauyinsa, ki fara da shi, a zauna su uku ko huɗu, ba a tsakar gida gaban matan 'yan'uwa da yara ba. Yaron da aka tozarta a gaban jama'a yakan gudu Kano ko Legas, can kuma ba mai sa masa ido. Duka ma ban ga wanda ya gyara ba.

A zaman nan a sa shi ya buɗe asusunsa na waya, a duba tarihin shige da fice na wata shida, a rubuta a takarda abin da ya tura wa kamfanin caca a gefe guda, abin da ya dawo masa a ɗaya gefen. Shi da kansa zai yi jimla. Yawancinsu ba su taɓa haɗa lissafin ba, cin kawai suke tunawa. Na ga wanda ya gama haɗawa ya kasa ɗaga kai.

Bashin kuma a rubuta sunan kowa da abin da yake bi. In za ku taimaka, ku biya masu shi hannu da hannu, kada kuɗi su bi ta wajensa, shi kuma ya biya ku da aiki ko da amfanin gonarsa na baɗi. In aka share masa kyauta, an koya masa cewa akwai mai sharewa.

Ƙwace waya kaɗai ba ya magani, zai ba aboki ya buga masa. Abin da na ga yana aiki shi ne a yarda da shi ya koma ƙaramar waya mai tocila na wasu watanni, ya rufe asusun bet ɗin a gabanku, ya fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram masu sayar da wai tabbataccen wasa, waɗanda su ma wata damfarar ce. Kuɗin da ya samu kada su kwana a waya. A mayar da su rago ko tunkiya a ɗaure wajen Inna har Babbar Salla. In da hali a tura shi noman rani, ko ta wajen Auyo da Haɗeja ne, wurin wani ɗan'uwa, ya wuni a cikin shinkafa ya dawo a gajiye. Gidan kallo ya haƙura da shi tukuna, domin a can ake ta zancen tikiti. Zai iya zamewa ya koma sau ɗaya ko biyu, kada ku ce aikin ya ɓaci, a sake zama.

Abu ɗaya da nake roƙonki kada ki ɗauka da wasa: in ya fara cewa gara ya mutu, ko ya daina ci, ya daina barci, ya rufe kansa a ɗaki, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin ƙwari da na feshi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin ya haukace.

Allah Ya shirye shi, Ya ba ku haƙuri. Ki dawo ki faɗa mana bashin na mutanen gari ne ko na manhajar rance ta waya. In na manhaja ne, shi za a fara biya, domin ruwansa hawa yake kullum, kuma wasunsu kan tura saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke cikin wayarsa, har da ta Baba.