Tazarar da ta dace tsakanin hawa da hawa a allon PCB (allon da'irar lantarki) mai ɗauke da babbar wuta

Tambaya: Ina zana allo mai hawa huɗu na cajar kwamfuta, akwai layin volt 400 a hawa na farko. Takardar bayanin FR-4, wato kayan da ake yin allon da su, ta ce kowace milimita tana jure wajen volt 20,000. Ashe milimita 0.2 da ke tsakaninsa da hawa na biyu ba ta wadatar ba?

Amsa: Malam, ya danganta da abin da ke ƙarƙashin layin. Idan hawa biyun duk na ɓangaren wutar gida ne, ƙa'idar zana alluna ta IPC-2221 ta nemi milimita 0.25 a cikin allo daga volt 301 zuwa 500, ka ga 0.2 ta gaza. Sama da 500, kowane volt ana ƙara masa milimita 0.0025, wato volt 1,000 yana son milimita 1.5. Da ƙololuwar wutar ake lissafi.

Idan kuwa hawa na biyu na ɓangaren da hannun mutum ke taɓawa ne, kamar bakin USB, maganar ta koma ƙa'idar tsaron na'urori ta IEC 62368-1: milimita 0.4 a ƙalla, ko falle-fallen kariya da suka ci gwaji.

Adadin nan na 20,000 kada ya ruɗe ka. A kan sabon samfuri busasshe aka auna shi, na ɗan lokaci. Allon gaske ana matse shi da zafi, danƙon da ke manne hawa da hawa ya gangara ya cike gurbin jan ƙarfe, kaurin ya ragu. Wani lokaci ƙwayar iska kan maƙale a ciki. Iska ba ta da juriyar danƙo, sai ƙananan tartsatsi su riƙa tashi a wurin suna cin allon a hankali har ya huje. Shi ya sa falle biyu ko uku suka fi falle ɗaya mai kauri: da wuya aibinsu ya faɗa wuri guda.

Ga kuma danshi, wanda kan sa jan ƙarfe ya bi zaren gilashin da ke cikin allon daga ramin da ke haɗa hawa da hawa zuwa na kusa da shi, don haka ka nisanta ramukan.

Mafi sauƙi, share jan ƙarfen hawa na biyu a ƙarƙashin layin, ka bar tsakiyar allon, mai kaurin wajen milimita ɗaya, ta yi aikin. Ka rubuta wa masana'anta kaurin da kake so bayan matsi da yawan falle, ka kuma nemi gwajin babbar wuta a kan kowane allo.