Sabon Irin Wake da Masara: Amsoshin Tambayoyin Manoma

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan irin da aka gyara wa ƙwayoyin gado suke. Bari in fara da wadda ta fi ci mini rai.

Wani manomi daga Bichi ya rubuto: "Malam, na shuka waken SAMPEA 20-T bana, an ce mini ba ya buƙatar feshi. Ban yi ko sau ɗaya ba, fure ya zube, kwasfar da ta fito ta yamutse. Ashe yaudararmu aka yi?"

Malam, wanda ya ce maka waken nan ba ya buƙatar feshi shi ya yaudare ka, kuma na gaji da jin wannan magana a bakin dillalai. Waken an yi shi ne don ƙwaro guda ɗaya tak, wato tsutsar da ke huda fure da kwasfa, wadda masana ke kira Maruka. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare. Yana saka ƙwai a jikin fure, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige ciki, ta saƙa yana ta ɗaure furanni da ganye wuri guda, daga nan ta koma cikin kwasfa tana cin 'ya'yan. Dalilin da ya sa feshi ke ba manoma wahala a kanta ke nan: maganin yana sauka a waje, ita tana ciki. A shekarar da ta yi yawa tana iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona, shi ya sa ake feshi sau shida zuwa takwas kafin a cire wake.

Abin da masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka yi da abokan aikinsu shi ne ɗauko ƙwayar gado ɗaya daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, suka saka ta cikin wake. Sai shukar ta riƙa yin wani sinadarin furotin da kanta. Idan tsutsar ta ci, sinadarin ya manne a hanjinta ya huda shi, ta daina ci ta mutu. An saki irin a hukumance a watan Disamba na 2019, kuma asalinsa SAMPEA 10 ne da da yawanku kuka sani.

Yanzu dubi gonarka. Furen da ya zube aikin ƙananan ƙwarin nan ne baƙaƙe sirara da za ka gani suna gudu idan ka buɗe fure a tafin hannunka. Kwasfar da ta yamutse kuwa ƙwari masu tsotsa ne suka zuƙe ta. Duka biyun sinadarin Bt bai dame su ba, haka ma darɓa. Don haka feshi biyu dole ne: ɗaya lokacin da fure ya fara fitowa, ɗaya lokacin da kwasfa ta fara cika. Ka yi shi da yamma ko da sassafe, iska a kwance.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen, kuma su sun fi ba ni haushi. Mutum ya sayi irin da tsada, sannan ya ci gaba da feshi duk mako kamar yadda ya saba, wai don kada a yi sake. To me ka saya? Kuɗin magani, kuɗin mai feshi, ga gubar da yaron da ke goye da famfo yake shaƙa ba takunkumi ba safar hannu, duk a banza. Ribar irin nan gaba ɗaya tana cikin feshi huɗu ko shidan da ka rage.

Wata Hajiya daga Gombe ta tambaya ko wannan waken ba ya yin ƙwari a buhu.

Yana yi, Hajiya, kamar kowane wake. Ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ki ɗaure kowace leda daban, ƙwarin za su mutu don rashin iska. Kada ki bari kowa ya yayyafa miki maganin feshi a kan waken ci. Wannan ɗabi'ar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, saboda ragowar guba da aka samu a ciki.

"Zan iya ajiye iri daga abin da na girba?" Mutum uku ne suka yi wannan tambayar.

Ga wake, e. Furen wake da kansa yake barbarar kansa, don haka 'ya'yan suna fitowa kamar uwar. Matsalar ita ce gauraya a masussuka da a buhu, shi ya sa nake ba da shawarar a sabunta iri daga amintaccen kamfani bayan damina biyu ko uku. Wake da aka auno da tiya a kasuwa aka ce maka "mai T" ne, ba ka da hanyar gane shi da ido. Ga masarar TELA kuwa, wadda ita ma aka gyara wa ƙwayoyin gado, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T da aka amince da su a Janairun 2024, a'a. Ita 'yar aure ce, kamar sauran masarar kamfani da kuka saba saya. Idan ka sake shuka 'ya'yanta za su fito a rarrabe, yabanya ta ragu. Wannan halin duk masara 'yar aure ne, tun kafin a san gyaran ƙwayoyin gado.

Wani daga Funtuwa ya ce ya ji masarar TELA ba ta buƙatar taki. Tana buƙata, sosai ma. An yi ta ne don jure tsutsar kara da tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo mana a 2016, da kuma ɗan ƙarancin ruwa.

Sai wani dattijo daga Kazaure da ya ce ana ta yaɗawa a waya cewa cin wannan wake yana hana haihuwa, kuma jikokinsa ne ke cin abin da ya noma.

Baba, tambayarka a kan hanya take. Sinadarin yana aiki ne a hanjin tsutsa saboda akwai wani gurbi da yake mannewa a can, wanda babu shi a hanjin mutum ko na akuya. A cikinmu narkewa yake kamar sauran furotin na abinci. A Amurka tun 1996 ake noman masara da auduga masu Bt, Afirka ta Kudu ma ta daɗe tana cin farar masara irin wannan. Harawar waken ma ka ba dabbobi ba fargaba. Abin da ni nake tsoro daban ne. Ƙwaro yana sabawa da abin da ake kashe shi da shi idan ba shi da wani abincin, kuma hakan ya faru da tsutsar kara a Afirka ta Kudu. Don haka kada gari guda ya watsar da waken gida baki ɗaya, a bar wasu kunyoyi. Kuma sabon iri ba ya wuce a gwada shi: Burkina Faso ta yi noman audugar Bt shekaru, sannan ta janye a 2016 saboda zarenta ya gajarta, farashi ya faɗi. Kai ma bana ka ware rubu'in gonarka ka shuka sabon, sauran ka sa wanda ka saba, ka rubuta kuɗin maganin da kowanne ya ci, ka auna buhunan daban-daban ranar sussuka.