Likita na amsawa: suman da ake ɗora wa iska

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan zuciya suka taru. Akwai guda ɗaya da ya hana ni sukuni tun da na karanta shi, don haka a yi min haƙuri in na daɗe a kansa.

Wani malamin makaranta daga Katsina: Likita, shekaruna 34. In na sha shayi mai kauri na kwanta, nakan ji kamar zuciyata ta tsallake bugu ɗaya. Ban taɓa suma ba.

Malam, wannan kusan kowa yana jinsa, kuma galibi ba komai ba ne. Rage shayin dare da goro, ka samu barci. Amma ranar da ya haɗu da jiri, ciwon ƙirji ko suma, kada ka jira gari ya waye.

Wata amarya daga Gombe: An ce in yi gwajin ECG, ina tsoro. Wai wutar lantarki ake jona wa mutum?

Babu wutar da ke shiga jikinki, 'yar'uwa. Na'urar sauraro kawai take yi, tana zana abin da zuciya ke fitarwa a kan takarda. Minti biyar ne, ba allura, ba zafi, ko mai ciki tana yi.

Wata uwa daga Funtua: Likita, 'yata mai shekara 14 ta faɗi sau uku cikin shekara guda. Na farko ana gudu a filin makaranta, na biyu waya ce ta yi ƙara kusa da kanta da asuba, na uku tayar mota ce ta fashe a bakin titi. Takan yi fari fat, jikinta ya ɗan fizga, sau ɗaya har fitsari, bayan kamar minti ɗaya ta farka ta ce me ya faru. An yi mata ruƙiyya da hayaƙi, an ce iska ce. Mai kemis ya ce farfaɗiya ce ya ba mu ƙwaya. Ƙanin babanta ma ya rasu a rafi yana ɗan shekara 19 alhali ya iya ruwa, aka ce 'yan ruwa ne suka ja shi. Me za mu yi?

Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya jiƙan ƙanin mijinki. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: a cikin wannan makon, ba wata mai zuwa ba, a kai yarinyar nan asibitin da ke da na'urar ECG da likitan zuciya. Kuna kusa da Zariya, ga asibitin koyarwa na Shika, ga na Malam Aminu Kano a Kano. Kafin ku je, ba gudu, ba wanka a rafi ko dam, a ɗauke waya da agogon ƙararrawa daga inda take kwana.

Ba zan iya yanke hukunci daga saƙo ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Suma lokacin gudu, suma saboda firgita, ga kuma ɗan'uwa matashi da ya mutu a ruwa ba dalili: duk likitan da ya ji waɗannan ukun a gida ɗaya, ciwon da muke kira doguwar QT zai fara faɗo masa a rai.

Ga yadda abin yake. Zuciya da 'yar wutar da take samar wa kanta take bugawa. Kowane bugu sai ta saki wutar, sannan ta sake tara ta don bugu na gaba, kamar mai jan guga da sai ya mayar da shi rijiya kafin ya sake ɗebowa. A takardar ECG, mai ƙananan gidaje kamar littafin lissafi, akwai tudu da kwari da aka raɗa wa sunayen haruffa, P, Q, R, S, T. Tazarar da ke tsakanin Q da ƙarshen T ita ce lokacin sakin wutar da sake tara ta. Idan an daidaita lissafin da saurin bugun mutum, ga namiji bai kamata ya wuce kamar kashi 450 cikin 1000 na daƙiƙa ba, ga mace 460. In ya kai 500, wato rabin daƙiƙa, manyan gidaje biyu da rabi a takardar, hankalinmu yakan tashi.

Matsalar ita ce, in zuciya ba ta gama shiri ba sai firgita ko gudu ya tunkuɗo mata wani bugun, sai ta rikice ta kama wani irin bugu mai tsananin sauri wanda ba ya tura jini. Wani likitan Faransa, François Dessertenne, ya bayyana shi a 1966 ya kira shi torsades de pointes, domin a takarda zanen yana murɗewa kamar igiyar da ake tufkawa. Jini ba ya kai wa ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙu kaɗan mutum ya zube. Ƙwaƙwalwar da ta rasa jini tana sa jiki fizga, har fitsari ya kuɓuce, shi ya sa ko ma'aikatan lafiya suke ruɗewa su ce farfaɗiya ce. Sau da yawa bugun yakan koma daidai da kansa, mutum ya farka garau. Ran da bai koma ba, sai dai a ce ajali, a ce lafiya lau ya kwanta.

Mai farfaɗiya yawanci yakan daɗe a ruɗe bayan ya farfaɗo, ya yi barci mai nauyi. Taki kuwa minti ɗaya ta dawo hayyacinta. Wannan ba hujja ba ce mai yanke magana, amma alama ce. Kuma mai kemis ba shi da hurumin ɗora yarinya kan maganin farfaɗiya. Kada ku yanke ƙwayar da kanku tunda ta fara sha, ku tafi da kwalin ku nuna wa likita.

Ciwon gado ne. Binciken da aka yi wa jarirai a Italiya ya nuna kusan mutum 1 cikin 2,000 ke ɗauke da shi. In uwa ko uba na da shi, kowane ɗa yana da rabi da rabi na gadonsa. Iri-iri ne, uku suka fi yawa: na farko gudu da iyo ke tayar da shi, na biyu ƙara ta ba-zata da firgita da kuma watannin jego, na uku kuwa cikin barci yake kamawa. Don haka ba ita kaɗai za a auna ba. Babanta, ke, yayyenta da ƙannenta, har da sauran 'yan'uwan marigayin da 'ya'yansu. Kuma ECG ɗaya mai kyau ba ya wanke mutum, wani sai an maimaita, ko an sa shi ya yi tafiya kan na'ura ana aunawa.

Maganar iska kuma. Ni ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. Abin da ke ƙona min rai shi ne watannin da ake ɓatawa. Na taɓa ganin wata budurwa da aka kawo bayan shekara biyu ana yawo da ita, idanunta jawur saboda hayaƙin barkono da aka riƙa turara mata, bayanta duk shatin bulala, wai ana korar aljani. Takardar ECG ɗaya, da biro da na ƙirga gidaje da shi, suka nuna abin da ke damunta. Ku yi tunani: mai ciwon da firgita ke tayarwa, a tsare ta a ɗaki ana mata tsawa a kunne ana duka. Wallahi tura ta ake yi bakin rami.

Abin farin ciki, akwai magani, kuma ba mai tsada ba ne. Ƙwayoyi irin su propranolol ko nadolol suna hana firgita da gudu kaiwa ga zuciya da ƙarfi, suna rage haɗarin ƙwarai, muddin ana sha kullum ba fashi. Likita ne zai rubuta, musamman in tana da asma. Ƙalilan ne suke buƙatar a dasa musu 'yar na'ura a ƙirji mai dawo da bugu in ya rikice. Masu wannan ciwon suna karatu, suna aure, suna haihuwa.

In ta sake faɗuwa kafin ku je: a kwantar da ita a ƙasa, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko manja, kada a kawo hayaƙi. In ba ta amsawa kuma ba ta numfashi, ko tana wani gurnani jefi-jefi, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinta a danna da ƙarfi, zurfin kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Ko ta farka da kanta, asibiti ranar. Na sake faɗa, Hajiya, wannan makon.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi: Mahaifina mai shekara 68 yana shan ƙwayar fitsari saboda kumburin ƙafa. Ya yi zawo da amai kwana uku, mai kemis ya haɗa masa sifro, allurar kwinin da maganin amai. Yanzu yana jiri, jiya ya zube a banɗaki.

Alhaji, ajiye wayar nan ka kai Baba asibiti yanzu, da duk kwalayen. Ana kukan targaɗe ne aka ƙara masa karaya. Doguwar QT ba gado kaɗai ba ce, wadda magani ke jawowa ma ta fi yawa. Ƙwayar fitsari irin Lasix tana zubar da sinadaran fotasiyam da magniziyam, zawo da amai sun ƙara kwashe su, ga tsufa, sannan aka jibga masa magunguna uku da kowanne ke iya tsawaita QT. Wannan haɗin na kemis, da ake ƙullawa a leda ba a tambayi me mutum ke sha ba, ya ishe ni.

Ga sunayen wasu magunguna masu iya tsawaita QT, yadda suke a jikin kwali: quinine, chloroquine, halofantrine da aka sani da Halfan, erythromycin, azithromycin, ciprofloxacin, fluconazole, domperidone, ondansetron, haloperidol, amitriptyline. Yawancinsu magunguna ne masu amfani, mu ma muna rubutawa, haɗa su barkatai ne haɗarin. Ba mu manta da watan Maris na 2020 ba, da mutane suka riƙa ɗirkar kulorokwin saboda korona har aka kwantar da wasu a Legas. Mai zawo kuma a ba shi garin ORS na fakiti, domin yana da fotasiyam, ruwan gishiri da sukari na gida ba shi da shi.

Wani magidanci daga Sakkwato: Ni da matata 'ya'yan wa da ƙani ne. An haifi ɗanmu kurma, kuma yakan shiɗe in ya yi kuka sosai.

Shiɗewar yara wajen kuka yawanci ba ta da illa, amma ga yaron da aka haifa kurma ba na ɗaukarta da wasa. A 1957 likitoci biyu a Norwe, Jervell da Lange-Nielsen, suka ba da labarin wani gida da yara huɗu kurame ke suma, uku suka rasu. Wannan ma nau'in doguwar QT ne, amma sai yaro ya gado daga uwa da uba duka, don haka ya fi fitowa a auren zumunci, kuma ya fi sauran tsanani. Ba kasafai ake samunsa ba, amma a yi masa ECG, Malam, kada a jira shiɗewa ta gaba.

Wata ɗaliba daga Kumasi: An tabbatar ina da ciwon, ina shan propranolol sau uku a rana. Zan iya ajiye shi in yi azumi?

A'a, ƙanwata. Yanke shi farat ɗaya ya fi komai haɗari. Ki ga likitanki tun kafin watan ya kama, akwai nau'in da ake sha sau ɗaya a rana, shi zai duba ko ya dace da ke, ya kuma faɗa miki ko jikinki zai ɗauki azumin. In ya ce a'a, addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Ki rubuta sunan ciwon a 'yar takarda ki ajiye a jakarki, duk wanda zai ba ki magani, ko na mura ne, ki fara miƙa masa ita.