Tambaya da Amsa: In kowa da gaskiyarsa, wa karma za ta kama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Gusau. Akwai wata ƙawata da duk abin da aka yi musu a kai sai ta ce kowa da gaskiyarsa, abin da zuciyarka ta yarda da shi shi ne gaskiya a wurinka. Amma ranar da aka sace mata waya sai ta ce a bar ɓarawon da karma, za ta kama shi. Kwanan baya kuma shagon wani maƙwabcinmu ya ƙone, ta ce karma ce. Malam, mece ce karmar nan? Ita ce alhakin da muke faɗa? Kuma gaskiya ɗaya ce ko kowa da tasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙawarki ta warware maganarta da bakinta, ba ta lura ba ne kawai. Ranar da aka ɗauke mata waya, ai ba ta ce shi ma ɓarawon da tasa gaskiyar ba. Cewa ta yi akwai abin da zai kama shi, ko ya yarda ko bai yarda ba. Wanda ya faɗi haka kuwa ya amince ke nan da wata doka da ta hau kan kowa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kalmar karma ta harshen Sanskirit ce, tsohon harshen malaman Indiya, ma'anarta kuma "aiki". Mu nan galibi a finafinan Indiya masu fassara muka tsince ta, TikTok ya ƙara mata gishiri, har ta koma kamar sunan wata aljana mai rama wa mutane. A wurin masu ita abin ya fi haka nauyi. Mabiya addinan Hindu da Budda da Jain da Sikh duk suna da ita, kuma abin da suka haɗu a kai shi ne kowane aiki iri ne da aka binne, dole ya tsiro. In bai tsiro a wannan rayuwar ba zai tsiro a ta gaba, domin a aƙidarsu wanda ya mutu ana sake haihuwarsa, ko mutum ko dabba, ya yi ta zagayawa. Wannan zagayen suke kira samsara, babban burinsu kuma su fita daga cikinsa gaba ɗaya. Daga nan ne suka rabu. Budda, wanda ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce niyya ita ce karma. Mabiya Jain kuwa suna ganinta kamar wata ƙura mai laushi da ke manne wa rai ta yi masa nauyi. Shi ya sa sufayensu ke tafe da 'yar tsintsiya suna share inda za su zauna, wasunsu har da ƙyalle a baki, don kada su halaka ko ƙwaro. Mutumin da ke share ƙasa don gudun taka tururuwa, kin san bai ɗauki lamarin a matsayin ra'ayin kowa-da-nasa ba.

To alhaki fa? Kakata a Talata Mafara in ta ga an cuci wani takan girgiza kai ta ce, "Alhaki kwikwiyo na, mai shi ya ka bi." Da jin wannan za ki ce ai shi ne karma, kuma akwai kama: ƙarshen Suratuz Zalzala ya ce wanda ya aikata gwargwadon ƙwayar zarra na alheri ko na sharri zai gan shi, hadisi kuma ya ce ayyuka da niyya suke. Amma kama da wane ba ta wane. A Musulunci rayuwar duniya sau ɗaya ce. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, wanda mutuwa ta zo masa ya roƙi a mayar da shi, aka ce a'a. Na biyu, a wurin mabiya Budda da Jain karma da kanta take aiki, babu alƙali a bayanta, alhali mu muna da Mai hisabi, wanda ake tuba gare Shi Ya yafe, sai haƙƙin bawa da ke jiran mai shi ya yafe ko a biya shi. Saboda haka in kin ce "karma" kina nufin "alhaki", kin aro rigar da ke da aljihun da ba ki leƙa ba. Wani abin da nake so ɗalibaina su lura da shi: ita kalmar alhaki daga Larabci take, al-haƙƙu, wadda ke nufin haƙƙin mutum kuma take nufin gaskiya. Tushensu ɗaya da haƙiƙa.

Batun gaskiya kuwa, ruɗanin daga haɗa abubuwa daban-daban a kwando ɗaya yake. In kin ce fura ta fi kunu daɗi, ƙawarki ta ce a'a, babu mai ƙarya a cikinku, magana ce ta harshe da sabo. Amma ki je kasuwa ki sayi tiya uku ta gero, mai awo ya auna miki da tiyar da aka buga wa gindi ta lotsa ciki, ki zo gida ki sake awo ki ga ta yi ƙasa. In kin koma ya ce "a gaskiyata ta cika", za ki bar masa? Tun a tsohuwar Girka wani malami, Furotagoras, ya ce mutum shi ne ma'aunin komai. Aflatun, wani malamin na Girka, ya mayar masa da cewa in ra'ayin kowa gaskiya ne, to ra'ayin wanda ya ce ka yi kuskure shi ma gaskiya ne ke nan.

Ba sai mun je Girka ba ma. A 2010 yara suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka gano matsalar har da Bagega. Kimanin yara 400 suka rasu. Ana ɗauko duwatsun zinare a kawo gida, a daka a turmi, a niƙa, a shanya garin a tsakar gida, yaro yana rarrafe a kai yana kai hannu baki. Duwatsun cike suke da dalma. Da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wato likitoci na-gari-na-kowa, da sauran masana suka auna jinin yaran da ƙasar gidajen, abin da suka samu ke nan. Ko me uban gida ya zata a ransa, ƙurar aikinta take yi. Sauƙi bai samu ba sai da aka kwashe ƙasar saman gidajen aka zuba sabuwa, aka kuma ba yaran maganin da ke fitar da dalma daga jini.

Ba zan ce ƙawarki ba ta da abin kamawa ko kaɗan ba. Abin da ke na mutum shi kaɗai shi ne iya abin da ya hango, da kuma abin da ya ɗanɗana. Mutanen Indiya na da labarin makafin da suka lalubi giwa: wanda ya kama ƙafa ya ce ginshiƙi ce, wanda ya kama kunne ya ce faffaɗa ce kamar faifai. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ma ya kawo shi. Masu son "kowa da gaskiyarsa" na yawan jawo labarin nan, suna manta cewa giwar ɗaya ce, kuma da makafin sun saurari juna da sun fi kusa da ita. Gazalin ne kuma ya bambanta sanin ma'anar lafiya da zama mai lafiya. Natsuwar da mai tsayuwar dare ke ji, ko sanyin da ke sauka a zuciyar mai zikiri bayan Asuba, ba abin da zai ciro ya nuna miki ne ba. Wannan nasa ne. Sai dai malaman tasawwufi na gaske, har da na ƙasar nan irin su Shehu Abdullahi na Gwandu, ba su taɓa fifita irin wannan ɗanɗano na zuciya a kan shari'a ba. Hadisin da Annabi (SAW) ya ce wa Wabisa ya nemi fatawa a wurin zuciyarsa, ki duba yadda ya ƙare: zunubi shi ne abin da ke kai-kawo a ƙirji ko da mutane sun ba ka fatawa. Wato zuciya shaida ce da ke hana ka cin abin da kake shakka, ba a ce ta halatta maka abin da kake kwaɗayi ba.

Inda maganarta ta fi damuna shi ne gobarar shagon nan. Wa ya nuna mata littafin maƙwabcin naku? Annabi Ayuba (AS) ya sha jinya mai tsawo ba don laifi ba, kuma hadisi ya ce annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa. Yaran Bagega masu shekara biyu, wa suka cuta? Irin wannan lissafin ya yi ɓarna a Indiya kanta, inda aka daɗe ana gaya wa 'yan ƙasƙantattun dangogi cewa aikinsu na rayuwar baya ne ya haife su a nan. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin ƙasar kuma ya fito daga cikinsu, ya ƙi wannan bayanin, har a 1956 ya bar addinin Hindu tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa a birnin Nagpur. Shi kansa Budda, da aka tambaye shi ko duk abin da ya sami mutum sakamakon aikinsa na baya ne, ya ce a'a, ya lissafa ciwon jiki da sauyin yanayi da sakaci da harin wani. Ke nan ko a gidan karma ba a yarda da hukuncin ƙawar taki ba.

Ki ja ta ku je ku yi wa mutumin jaje, 'yata. In da abin da za ku iya haɗa masa, ku haɗa. In kuma shagunan layin a jere suke a kan wayar lantarki ɗaya, ku ce wa masu su su kira mai gyara ya duba kafin hunturu ya kankama.