Tambaya da Amsa: Had-dis ɗina yana ƙara, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada, Gombe. Kwamfutar tebur ɗina ta fara gurnani har teburin na rawa, wani lokaci kuma sai in ji ƙas-ƙas kamar agogo, daga nan ta daskare. Takardun mutane duk suna ciki. Yaya zan rage wannan ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙara iri biyu ka kawo, kuma ba tafiyarsu ɗaya ba. Gurnani ana rage shi, amma ƙas-ƙas da daskarewa gargaɗi ne, don haka da shi za mu fara.

A cikin had-dis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, akwai faifai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da allura mai karatu da rubutu da ke shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ƙwayar ƙura ma ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Idan allurar ta kasa karanta wani wuri, sai ta koma mazauninta ta sake fitowa, ta yi ta maimaitawa. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji ke nan. Faɗuwa, bugu yayin da faifai ke juyawa, zafi, tsufa da yawan ɗaukewar wuta tsakanin NEPA da janareta duk suna kawo shi.

Yau ɗin nan, kafin ka taɓa komai, ka kwashe takardun mutane zuwa filash ko wani had-dis, ka fara da mafi muhimmanci, 'yan kaɗan-kaɗan. Bayan haka ka sa manhajar CrystalDiskInfo mai duba lafiyar had-dis, kyauta ce. Idan ta nuna launin shuɗi, lafiya lau; ruwan ɗorawa ko ja kuwa na nufin a canza shi. Ka duba layukan da aka yi wa lamba 05 da C5: su ne ke ƙirga wuraren da suka lalace a kan faifai, kuma idan adadin na hawa daga mako zuwa mako, zance ya ƙare. Don Allah kada ka yarda da masu cewa a bubbuge shi, ko a sa shi a firiji, ko a kwance murfinsa a leƙa. Ƙura kaɗan ta shiga, allura za ta karce faifai, kuma abin da aka karce ba ya dawowa. Kada ma ka yi masa difirag ko chkdsk, wato ayyukan Windows na sake jera fayiloli da binciken faifai, kafin kwashe bayanai, domin wahalar da shi za su yi.

Shi kuwa gurnani, sau da yawa girgiza ce kawai. Kashe kwamfuta, zare filogi, buɗe murfin gefe. Sukurori huɗu ne ke riƙe had-dis, biyu a kowane gefe, amma masu gyara kan ɗaura biyu su bar sauran. Ka cika su, ka ɗaure, kuma idan ka samu 'yan zoben roba ka sa tsakaninsa da ƙarfen akwatin kwamfutar. Ka shimfiɗa roba mai kauri a ƙarƙashin akwatin, domin teburin katako yana ƙara wa sautin amo. Sannan ka tabbatar ba laifin fankar kwamfuta kake ɗora wa had-dis ba: cire wayoyinsa biyu, ta wuta da ta bayanai da ake kira SATA, ka kunna. Windows ba zai tashi ba, amma idan gurnanin na nan, fanka ce ƙurar hunturu ta toshe. A hure ta da bulowa, ana riƙe da fukafukanta kada su juya. A zafin Maris da Afrilu ka riƙa duba ma'aunin zafi a waccan manhaja ta CrystalDiskInfo. Idan ya haura digiri 50, matsar da akwatin daga jikin bango. UPS kuma, wato na'urar batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, a shago irin naka wajibi ne.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Yelwa, Bauchi. Ƙaramin had-dis ɗina na waje idan na jona shi da laftof sai ya riƙa ƙara tsit-tsit, kuma ba ya fitowa a allo. Ya mutu ne?

Amsa: Ba lallai ba ne, Malama. Irin wannan daga kafar USB yake shan wuta, kuma tsohuwar kafa ta USB 2.0 miliyamfa 500 na wuta kawai take bayarwa, ta 3.0 kuwa 900. Idan wutar ta gaza, motar faifai sai ta yi ta yunƙuri ba ta tashi ba. Ki jona laftof da caja, ki sa shi kai tsaye a kafa mai shuɗin ciki ba ta mahaɗa mai raba kafa ɗaya zuwa da yawa ba, ki gwada gajeren kebul sabo, sannan wata kwamfutar. Idan duk da haka bai daina ba, musamman idan ya taɓa faɗuwa, wataƙila allura ce ta manne da faifai; ki daina jona shi, ki kai wa ƙwararren mai ceto bayanai. In za ki sayi wani, ki nemi irin ma'ajiyar da ake kira SSD: ba shi da faifai ko allura, don haka ba ya ƙara, sai dai shi ma yana iya mutuwa ba sanarwa, saboda haka ki ajiye kwafin aikinki a wuri biyu.